Incognito ba layar zana ba ce

Bidiyon nan da ake ta yaɗawa tun jiya ya ishe ni. Mutum uku sun turo min, ɗaya har da "ka ga sirrin da ba sa so mu sani". Wai da ka buɗe Incognito, wato tagar sirri ta Chrome, manhajar shiga intanet (burauza) ta Google, shi ke nan ka ɓace, babu mai ganinka a intanet. Sannu gwani! Ashe layar zana kyauta take a cikin waya, mu ne muka zauna cikin duhun kai.

Jama'a, Incognito ba layar zana ba ce. Idan ka rufe tagar, tana goge jerin shafukan da ka shiga da kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a na'urarka don su gane ka) da aka ajiye maka a wannan zaman. Iyakarta ke nan. Tana ɓoye ka ne daga ƙaninka ko matarka idan sun ɗauki wayar. Amma shafin da ka shiga ya ga adireshin IP ɗinka (lambar da ake gane haɗinka da ita a intanet), kamfanin da ke ba ka intanet ya san inda ka leƙa, mai kula da Wi-Fi na ofis shi ma haka. In kuwa ka shiga Gmail ko Facebook a cikinta, to ka rufe fuska ne sannan ka ɗaga murya ka faɗi sunanka.

Na san wani zai taso ya ce ai tana toshe kukis na kamfanonin talla. Eh, tana yi. Sai me? Masu bibiya sun daɗe da samun wata hanya. Girman allon wayarka, harshen da ka saita, agogon yankinka, nau'in burauzarka, samfurin rubutun da ke kan na'urar: a haɗa su wuri ɗaya sun zama zanen yatsa. Tun 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta gwada burauzoji kusan rabin miliyan, ta tarar fiye da kashi 80 cikin 100 kowacce ba ta da mai kama da ita. Shekara nawa ke nan? Kuna jin tun lokacin barci suke?

Kuma ba ni kaɗai na faɗa ba. A 2020 an maka Google a kotu a Kalifoniya, ana neman diyyar dala biliyan 5, kan zargin yana tattara bayanan mutane suna cikin Incognito. A 2024 kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara rubutun da ke fitowa idan ka buɗe tagar, ya bayyana ƙarara cewa shafuka, har da na Google, za su ci gaba da tattara bayananka. Mai abu da kansa ya rubuta maka a ƙofa, amma kai ka fi yarda da mai bidiyon minti ɗaya. Masu cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa" kuwa, ban da lokacinku. Ku cire makullin wayar ku miƙo min, sai mu yi magana.

Wallahi abin da ya sa raina ya ɓaci ba gardama ba ce. Akwai mai tashi cikin dare ya bincika alamomin wata cuta da ko iyalinsa bai gaya wa ba. Akwai mai neman hanyar fita daga bashi, akwai wadda aurenta ke tangal-tangal tana neman shawara. Waɗannan su ne za su ji maganar bidiyon su saki jiki. Ka ce wa mutum babu mai ganinsa alhali ana ganinsa, ka cuce shi fiye da wanda bai ce masa komai ba.

Mai son rage bibiya ya shiga saitin burauzarsa ya toshe kukis na ɓangare na uku (waɗanda wasu kamfanoni ke ajiyewa, ba shafin da aka shiga ba), ya daina zama a cikin asusunsa dare da rana, ya riƙa danna "ban yarda ba" idan shafi ya tambaya. Burauzar Firefox ta fara toshe masu bibiya da kanta tun 2019, burauzar Safari ta rufe ƙofar irin waɗannan kukis gaba ɗaya a 2020. A 2020 Google ya yi alkawarin cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya ce ya fasa. Da talla yake ci, me kuke tsammani? Ko duk ka yi wannan, ragewa ka yi, ba ɓacewa ba.

Af, tunda ana maganar saiti: ɗazu na duba wata manhajar tocila da na sauke tuntuni, na ga ta nemi izinin ganin lambobin mutanena da inda nake. Tocila fa! Hasken ne ba zai kunnu ba sai ta san sunan gwaggona? Kuma wai ni da nake muku wannan dogon surutu, na duba na ga tun ranar farko na danna mata "na yarda".