Man CBD ba maganin cin abinci ba ne ga tsofaffi

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san wannan hali. An tuƙa tuwo mai laushi, an kaɗa miyar da ya fi so, ya yi loma biyu ya tsame hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." A yi lallashi, a yi magiya, ya kau da kai. Kafin wata biyu riga ta fara yi masa yawa. A daidai wannan lokaci mai jinya yake zama kasuwa, domin duk abin da aka ce zai buɗe wa Baba ciki saye zai yi. A Amurka da Ingila, kwalbar da ake miƙo wa irin waɗannan iyalai a shekarun nan ita ce man kanabidiyol, wanda aka fi sani da CBD, ana tatso shi daga ganyen wiwi. Kasuwarsa ta buɗe sosai bayan dokar noma ta Amurka ta 2018 ta halatta shuka nau'in wiwin da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Tallan kuwa ba ya neman biza, yana nan cikin wayoyinmu.

Hujjar masu talla tana shiga kunne da sauƙi: kowa ya san mashaya wiwi da ci, to me zai hana mansa ya sa tsoho ci? Kuskuren yana nan. Ganyen ɗaya ne, amma sinadaran da ke cikinsa sun haura ɗari. Wanda yake bugarwa, kuma yake tayar da yunwa, shi ne THC, saboda yana taɓa wasu wurare a ƙwaƙwalwa da ke da hannu a marmarin abinci. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da THC na haɗi mai suna dronabinol a 1985 don tashin zuciyar masu karɓar maganin ciwon daji, sannan a 1992 don masu cutar ƙanjamau da suka rame. CBD ba ya wannan aiki. Uwarsu ɗaya, hali kowa da nasa.

Abin ma ya wuce haka. A 2018 FDA ta amince da Epidiolex, tataccen CBD da ake ba masu wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. A takardar da ke rakiyar maganin, cikin illolin da aka fi gani akwai raguwar cin abinci, gudawa, yawan barci da alamun wahalar hanta. A gwajin da aka yi, kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu shan adadi mai yawa cinsu ya ragu, alhali a cikin waɗanda aka ba ruwan da babu magani a ciki kusan ɗaya ne cikin ashirin. Gaskiya ne yawancin waɗanda aka gwada yara ne, kuma abin da suka sha ya ninka na kwalbar kanti. Amma dai alƙiblar a bayyane take. A 2022 likitoci a Ostireliya sun fitar da sakamakon gwajin man CBD kan mutum 144 masu ciwon daji da ya yi nisa, sai aka tarar bai kawo musu sauƙin da ya fi na man da babu komai a ciki ba.

Za a ce, ai ga wance ta ba mahaifiyarta kuma ta fara ci. Ban ƙaryata ba. Tsohon da ciwo ko fargaba suka hana shi sakat, idan ya samu barci, yana iya waiwayar kwano. Sai dai akwai wata fassarar da ba ta da daɗin ji. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken kayan CBD 84 da aka sayo ta intanet. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne abin da ke cikinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki, kuma an samu THC a cikin 18. Wato mai yiwuwa abin da ya buɗe wa Hajiya ciki shi ne ainihin abin da aka rantse babu shi a kwalbar. THC kuwa a jikin mai shekara tamanin jiri ne da ruɗewa, jiri kuma faɗuwa ce a banɗaki, karayar ƙugu a wannan shekaru kowa ya san inda take kaiwa.

Ga kuma maganar hanta. Tsoho da wuya ka same shi da magani ɗaya. Akwai na hawan jini, na suga, na zuciya, wani har da warfarin mai tsinka jini. CBD yana rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da yadda likita ya auna. A watan Oktoban 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta sauke adadin da take ba da shawara a rana daga miligiram 70 zuwa 10, kuma wannan ga lafiyayyun manya ne.

Ni abin da ya fi damuna ba kwalbar ba ce, tambayar da take rufewa ce: me ya sa ya daina ci? Tsufa yana dusashe ɗanɗano da jin ƙamshi, ciki kuma yana jinkirin sauke abinci, wannan gaskiya ne. Amma sau da yawa dalilin yana kusa, kuma yana gyaruwa. Haƙori ne ke ciwo ya yi shiru don kada ya ɗora wa 'ya'ya nauyi. Baki ne ya bushe. Bayan gida ne ya ƙi fita kwana biyar. Maganin suga metformin ko na zuciya digoxin ne ya kashe masa baki. Wani lokaci tarin fuka ne ko daji ke sallama ta wannan ƙofa. Sai kuma wanda ba a so a faɗa: kaɗaici. Mutumin da ya shekara hamsin yana cin abinci a zaure, hannu biyar a akushi ɗaya, yau ana tura masa kula ɗaki a ja ƙofa. Tsohuwar da mijinta ya rasu bara, wa take dafa wa, da wa za ta ci? Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka da kanta ta ce a guji magungunan tayar da yunwa ga tsofaffi, a maimakon haka a duba magungunan da ke hana su ci, a kawo abincin da suke marmari, a zauna tare da su a taimaka musu.

Kada mu yi wa Turawa dariya, mu ma muna da namu. Ƙwayoyin "sha ka fashe" da ruwan ƙiba da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, hanzarin ɗaya ne. CBD kuma a Najeriya yana da ƙarin matsala, tunda wiwi haramtacce ne a doka, kuma hukumar NDLEA ba ta sassauta ba. Ɗan da ke waje ya aiko wa mahaifinsa kwalba cikin kaya, yana iya jefa wanda ya ɗauko cikin abin da bai shirya ba.

Akwai ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wanda kowane gida zai iya riƙewa: idan tsoho ya rasa kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa a wata shida zuwa shekara ba da niyya ba, a kai shi asibiti. Mai kilo 60, kilo 3 ke nan. A tafi da ledar magungunansa gaba ɗaya, har da jiƙe-jiƙen da ake ɓoyewa ƙarƙashin gado, a zube wa likita a kan tebur.