Daktan da ba ya duba mara lafiya

Ɗiyar yayata ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu ne suka fito, ta duba ta ga an ba ta sashen ilimin ƙananan halittu, ita kuwa likitanci take nema, har ta zauna jarrabawar JAMB sau biyu a kansa. Babanta ya ce ta sake zama karo na uku. Yayata ta kira ni da daddare, ta ce: "Ka zo ka yi mata magana, kai ne ka san wannan harkar."

Na san harkar, gaskiya ne. Shekarata goma sha ɗaya ina tsakanin aji da ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da na kammala digiri na uku aka fara kirana Dakta, ƙawayen Hajiyarmu suka yi ta zuwa barka, ɗaya ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce: "Ɗana, duba mini gwiwar nan, tun damina take damuna." Na ce mata Baba ai ni ba irin wannan daktan ba ne. Ta dube ni da tausayi, ta ce Allah ya sa wata rana in kai. Har gobe idan Hajiya za ta yi bayanina sai ta ce "daktan takarda ne", ba da raini ba, iyakar abin da ta fahimta ke nan. Ko na'urar da nake wuni ina leƙawa, sunanta a bakinmu madubin likita. Mu masu bincike ko kayan aikinmu da sunan wani ake kiran su.

To kafin in je gidan yayar tawa na zauna na yi tunanin abin da zan faɗa wa yarinyar, shi ne nake son in rubuta a nan, don na san gidaje da yawa suna cikin irin wannan rigimar a wannan lokaci na shekara.

Ina da amini tun firamare wanda ya zama likitan mata. Mutane suna ganin farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, suna ganin yadda ake tashi a ba shi kujera a wurin ɗaurin aure. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shekara shida ya yi a makarantar likitanci a takarda, a zahiri ta haura saboda yajin aiki. Sannan shekara guda ta horo a asibiti kafin cikakken lasisi, sannan bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa da ya ci masa wasu shekaru shida, da jarrabawar da ake faɗuwa a sake biya a sake zama. Lokacin da ya zama babban likita, abokanmu da suka shiga kasuwa tun bayan sakandare sun fara aurar da ƙannensu da kuɗin aljihunsu.

Na taɓa kai masa abinci asibiti wata rana yana kan kol, wato aikin kwana na jiran kiran gaggawa. Da magariba na kai, bai buɗe kular ba sai wajen biyun dare, tuwon ya yi sanyi ya daskare. A tsaye ya ci. An kawo wata mata daga ƙauye tana zubar da jini bayan haihuwa, an yi ta neman jinin da za a ƙara mata, dangi sun fita nema, kafin su dawo rai ya yi halinsa. Shi ne ya fita ya sami mijin a baranda ya faɗa masa. Da ya dawo ya wanke hannu bai ce mini komai ba, sai ya tambaye ni ko na ga sakamakon ƙwallo. Minti goma bayan nan aka sake kiransa. Wannan ita ce wahalar likita da babu wanda ya gaya wa yaran da ke cike fom: za ka san abin da ya kamata a yi, ka iya yin sa, amma jini ko iskar numfashi ko kuɗin magani su gagara, kuma fuskarka ce dangi za su tuna. Wani lokaci har da zagi, wani lokaci har da duka. Shi ya sa idan na ji ana tsine wa likitocin da suka tafi Saudiyya ko Ingila, nakan yi shiru. Ban ce sun kyauta wa marasa lafiyar da suka bari ba, amma na ga tuwon nan.

Sai dai kuma na ga ɗaya gefen. Muna tafiya da shi a kasuwa wata tsohuwa ta riƙe masa hannu, ta jawo wani yaro ɗan shekara biyar ta ce: "Gaishe da babanka, shi ya ciro ka." Ta yi ta zuba masa addu'a har mutane suka tsaya kallo. Shi bai ma tuna ta ba. Ni kuwa a tsaye nake a gefe, kuma ba zan ɓoye ba, na ji wani abu mai kama da kishi. Babu ranar da wani zai tare ni a kasuwa ya yi mini addu'a saboda takardar da na buga a mujallar kimiyya. Ladan likita a hannu yake karɓar wani sashe nasa, yau ya yi aiki yau ya ga mutum ya tashi.

Tamu wahalar daban ce, ba ta da ihu, a hankali take cin mutum. Shekara biyu da rabi na yi ina tara samfuran jini na masu zazzaɓin cizon sauro, ina bin asibitocin karkara a kan babur, ina roƙon izini, ina jera su a firiza mai tsananin sanyi. Aka yi dogon hutu, aka ɗauke wuta, janareta ba dizal, ba wanda ya sanar da ni. Da na buɗe firizar warin ne ya fara gaya mini. Na zauna a ƙasa a ɗakin, ni kaɗai. Ba wanda ya mutu, ba wanda zai zo mini jaje, idan na faɗa a gida ma za a ce ai sai ka sake ɗibar wani. Haka aikin yake. Sinadaran gwaji da dala ake sayensu, kafin su iso naira ta sake faɗuwa. Ka rubuta neman tallafin bincike sau biyar a ƙi ka sau biyar. Ka aika takarda mujalla ta yi wata takwas, ta dawo da gyaran wani da bai san yadda ake aiki ba wuta ba. Kuma mafi yawan gwaje-gwaje ba sa ba da abin da kake fata. Likita yakan san makomar mara lafiyarsa cikin kwanaki. Mai bincike yana iya shekara goma bai san ko hanyar da ya ɗauka tana ɓullewa ba.

Wannan ba a Najeriya kaɗai ba ne. Katalin Karikó, 'yar ƙasar Hangari, ɗiyar mahauci, ta koma Amurka a 1985 tana bincike a kan sinadarin mRNA, wanda ke kai wa ƙwayoyin jiki saƙon abin da za su sarrafa. Shekaru tana neman tallafi ana hana ta, a 1995 jami'ar da take aiki ta rage mata matsayi. Ita da abokin aikinta Drew Weissman sun buga muhimmin sakamakonsu a 2005, duniya ba ta waiwaye su ba. Sai da korona ta zo aka gina rigakafin Pfizer da Moderna a kan wannan aiki, aka ba su kyautar Nobel a 2023. Mutane suna son wannan labari saboda ƙarshensa ya yi daɗi. Ni abin da nake gani a ciki shi ne shekarun tsakiya, da kuma dubban irinta da suka yi ritaya ba annobar da ta zo ta tabbatar da su.

To me ya sa har yanzu nake ganin kuskure ne a ce yarinyar nan ta yi asara?

Duk wanda ya yi wayo a Arewa a 1996 ya san sanƙarau. A shekarar nan mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Likitoci da ma'aikatan jinya sun yi iya ƙoƙarinsu, ana kwantar da mutane har a ƙarƙashin bishiya, amma duk bazara fargabar takan dawo, daga Senigal har Habasha. Abin da ya karya lagon nau'in A na cutar shi ne rigakafin MenAfriVac. An fara aikinsa a 2001 tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa shi a farashin da bai kai rabin dala ba kowace allura, aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso a Disamban 2010, da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011. Nau'in A ya kusa ɓacewa a yankin gaba ɗaya. Da nau'in C ya taso a Zamfara da Sakkwato a 2017, ɗakin gwaji ne ya gano cewa ba tsohon abokin gaba ba ne, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa nau'i biyar. Yanzu ka tambayi mutum goma a unguwarku sunan mutum ɗaya da ya yi wannan aiki. Yaran da ba su kamu ba ba su san an cece su ba, iyayensu ma ba su sani ba, don haka babu tsohuwar da za ta riƙe hannun kowa a kasuwa.

Haka maganin zazzaɓin da muke saya a kyamis kullum. Tu Youyou ce ta jagoranci ciro sinadarin atemisinin daga wani ganye dangin tazargade a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970, ba ta da digirin likita, ba ta da digiri na uku, Nobel ɗinta sai 2015 ta zo. Aminina yana rubuta wannan magani sau da yawa a mako, ana yi masa godiya.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ebola a Legas. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ba shi da lafiya. Dakta Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Amma zargi ba hujja ba ne, sai da aka kai jininsa ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, da na Farfesa Christian Happi a Jami'ar Redeemer's, aka tabbatar, sannan gwamnati ta tashi tsaye da bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi. Mutum 20 suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu, duk da cewa cutar ta shigo ne ta birnin da ke da miliyoyin jama'a. Adadevoh tana cikin waɗanda suka rasu, ranar 19 ga Agusta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ita ta biya da ranta, sunanta ya zauna, kuma ta cancanta. Waɗanda suka buɗe kwalbar jinin nan a ɗakin gwaji su ma sun sa ransu a tafin hannu, kaɗan ne suka san su.

Abin da ke ba ni haushi da mu iyaye shi ne ba ma tambayar yaro wace irin wahala zai iya ɗauka. Suna muke so, a ce gidan wane akwai likita. Na koyar da ɗalibai da yawa da suka shigo sashenmu da baƙin ciki, suna ɗaukar kansu ragowar likitanci, suka yi shekara huɗu ba su taɓa son abin da ake koya musu ba. Na kuma san waɗanda aka tura likitanci dole, suka gama, yau ganin mara lafiya yana ɗaga musu hankali, sun koma sayar da fili. Akwai wanda zai iya tsayawa a gaban mijin da matarsa ta rasu, gobe ya dawo aiki. Akwai wanda ba zai iya ba, amma zai iya maimaita gwaji ɗaya sau arba'in bai gaji ba. Ni na san ba zan iya fita barandar nan ba. Aminina ya taɓa wuni a ɗakin gwajina, kafin la'asar ya ce in don wannan ne gara ya koma noma.

Kuma ba zan yaudari kowa ba, a ƙasar nan ta fuskar abin duniya likita ya fi mu tudun dafawa. Ko albashi ya yi jinkiri yana da asibitin kuɗi da zai leƙa da yamma. Wanda ya karanta ilimin ƙananan halittu ya tsaya a digirin farko, sau da yawa koyarwa a makarantar kuɗi ce makomarsa, sai ya ci gaba zuwa na biyu da na uku kafin ƙofa ta buɗe, ita ma ba lallai a gida ba. Duk wannan na faɗa wa ɗiyar tawa a gaban babanta, ban rage komai ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce: "Kawu, to kai da za a mayar da kai baya, wanne za ka ɗauka?" Na ce mata ta zo ofishina ranar Asabar.

Ta zo. Na ɗauko gilashin da aka shafa wa jinin wani yaro mai zazzaɓin cizon sauro aka rina shi, na saita mata madubin, na ce ta nemo wani abu mai kama da ƙaramin zobe a cikin ƙwayoyin jinin. Ta daɗe tana juya abin saitin, tana cewa ba ta ga komai ba. Can sai ta yi tsit. Ta ce: "Kawu, wannan ɗan abin ne yake kashe yara?" Na ce shi ne. Ta ƙirga goma sha bakwai kafin ta ɗago kai, ta tambaye ni dalilin da ya sa wasu ƙwayoyin jinin suke da biyu wasu ba su da ko ɗaya. Na ce mata ta sake dubawa, ta koma ta duƙa.

Babanta dai ya riga ya ware kuɗin fom ɗin JAMB na baɗi, ya ce bai janye ba. Ita kuma ta je ta yi rajista a sashen da aka ba ta ranar Litinin, da yamma ta turo mini saƙo tana tambaya ko ɗakin gwajin yana buɗe ranar Asabar mai zuwa.