Keken Alhaji Ya Sha Ado

Da hantsi Bakano ya iso rumfar Bazazzagi mai gyaran babura a Agege, yana tura wani tsohon keke da aka ɗaura wa inji, gumi ya jiƙe masa babbar riga.

Bazazzagi: Sannu da zuwa, Alhaji. Wannan keke ne, ko kuwa dokin Hawan Daushe ne ya ɓato hanya ya faɗo Legas?

Bakano: Kama bakinka, bawana. Raleigh ne ɗan Ingila, gadon mahaifina. Na sa masa sirdin jar fata mai geza daga kasuwar Kurmi, na sayo fitila da madubai huɗu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ga kuma hon na roba mai kukan agwagwa.

Bazazzagi: To, tsatsar da ke jikin tankin fa?

Bakano: Tankin sabo ne fil. Mai fenti na biya ya tsufar da shi, domin duk wanda ya gani ya rantse cewa tun zamanin Turawa yake.

Bazazzagi: Ikon Allah! Yau na ga Bakanon da ya sayi tsatsa da kuɗinsa, alhali damina ɗaya ta Legas za ta yi masa ita kyauta. Ka dai san irin wannan inji sai an gauraya masa fetur da baƙin mai?

Bakano: Na gauraya, amma tun jiya ko tari bai yi ba.

Bazazzagi: Za mu duba fulogi. Sai dai ka kula, tun 2022 aka hana acaɓa a Ikeja, saboda haka idan ka hango jami'ai ka kashe injin ka taka feda, ka ce musu keke ne kawai.

Bakano: Wace feda? Ai na cire ta, domin ta ɓata masa tsari, na sa matakan ƙafa masu ƙyalli a gurbinta.

Bazazzagi ya ajiye sifana, ya dubi Alhaji daga hula har takalmi.

Bazazzagi: Alhaji, da feda ake tayar da wannan inji: sai ka tuƙa keken ya ɗauki gudu, sannan ka saki kuloci. Ina ka kai ta?

Bakano: Na bayar da ita ciko wajen sayen madubi na huɗu.

Bazazzagi: To, madalla. Ci gaba da turawa, ko ba komai za ka riƙa ganin masu yi maka dariya ta fuska huɗu.