Ranar da na koya wa masunta darasin ruwa

Laifina ne, na sani. A ce mutum yana zaune a Argungu, cikin mutanen da tun kakanninsu ake su a Matan Fada, wai shi ne zai ba su labarin halittar ruwa. Bidiyo biyu kawai na kalla a waya, kaina ya kumbura.

Teburin mai shayi ne, bayan isha'i, kawun maiɗakina na zaune. Kun dai san shi. Na ce, "Kawu, akwai wani abu a teku, jelifish. Kamar lema yake, da zaruruwa masu harbi suna reto a ƙasa. Ba ƙashi, ba jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa. Kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Kafa ɗaya gare shi, ta nan abinci ke shiga, ta nan yake fita."

Ya kurɓi shayi. "To mi za a ci ga wanga kihi?"

Da mai hankali ne sai ya yi shiru. Ni kuwa na ce ai ba ma kifi ba ne, danginsu ɗaya da murjani, kuma sun fi shekara miliyan 500 a duniya. Na shiga bayanin haihuwarsu: ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta yi ta iyo har ta manne a dutse, ta tsiro kamar ƙaramar shuka. Daga nan shukar ta rarrabu faifai-faifai, wani kan wani, kamar jeren kwanukan amarya, na sama ya ɓalle ya tafi ya zama lema, na biye ya bi shi.

Na ga ba su gane ba, sai na jawo kofunan mai shayi na fara ɗora su. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na ɗora nawa a sama, cike da shayi mai zafi. Na ce, "Kawu, duba, haka na sama yake ɓallewa."

Ya kuwa ɓalle. Duk suka ɓalle. Shayin nan ya sauka a cinyata, farar shaddata ta Juma'a, na miƙe ina tsalle ina kaɗa riga, ga suruki a gabana ba damar ihu. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar murfin buta da ke ta juyi a ƙasa.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa, a natse. "Kac ce ba ƙwaƙwalwa, jiki duk ruwa?"

"Haka ne, Kawu."

"Ashe muna da irinai nan garin."

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wancan mai gyaran babur ɗin. Dubu uku nake binsa tun ƙaramar Sallah, kullum sai ya ce kasuwa ba daɗi, amma yana da ƙarfin da zai faɗo daga benci don dariya, har da buga ƙafa. Ranar nan Indomie da ƙwai biyu ya ci, a kan idona.

Ban ma kai ga mafi daɗin labarin ba, wani ɗan mitsitsin jelifish da aka fara ganowa a Bahar Rum, bai kai farcen ɗan yatsa ba, wanda in ya tsufa ko ya ji rauni sai ya koma shukar nan ya sake farawa. Wa zan faɗa wa yanzu?

Mai shayi ya ce kofi biyu sun fashe. Kafin in isa gida maiɗakina ta riga ta ji, ta tarye ni da omo da bokiti.