Kowa "ya mai jiki?", ba mai cewa "ke fa?"

Yayana yana shekara 23 ya fara magana shi kaɗai. Daga baya ya ƙi cin duk abincin da ba a gabansa aka zuba ba, wai guba muke sa masa. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka ce sammu ne. Sai da aka kusa shekara biyu kafin Kawu ya dage aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, a can muka fara jin sunan ciwon: sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali.

Yanzu ina Manchester, aikina bi gida-gida ina kula da marasa lafiya. Abin da ya fara ɗaure min kai a Ingila shi ne mai jinya ma doka ta san da zamansa. Dokar kula da jama'a ta 2014 ta ba shi haƙƙin a zauna da shi a ji damuwarsa, ko yana samun barci, ko jinyar ta hana shi aiki. Wanda ke yin awa 35 a mako yana jinya, in ya cika sharuɗɗa, har ɗan kuɗi ake ba shi. Akwai ma zaman da ake shirya wa 'yan'uwan masu ciwon. Ran da na fara zuwa, wata Baturiya ta ce wani lokaci haushin ƙaninta take ji har ta ƙi ɗaga wayarsa. Ina jira a yi mata caa, sai na ga kowa yana gyaɗa kai.

A gidanmu ƙanwata ce ke ɗauke da Yaya. Ita ke ƙirga ƙwayoyi, ita ke ɓoye wuƙaƙen kicin, ita ta san in ya kwana biyu bai runtsa ba kuma ya ƙure rediyo, to ciwon ya kusa tashi. Sau biyu ana kawo kuɗin gaisuwarta, dangin miji su yi bincike su janye, wai abin ana gadonsa. In ta ce ta gaji, amsar a shirye take: "Haba, ɗan'uwanki ne fa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Masu faɗin hakan kuwa su leƙo ranar Juma'a, su ce Allah ya ba da lada, su kama gabansu. Ni ma ban fita ba. Kuɗi nake turawa, kuma ni ake sa wa albarka.

Ba wai na ce nan aljanna ba ce. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa, duk mai ƙwanƙwasa masa ƙofa biyansa ake yi. 'Yar'uwarsa in ta kira likita, sai a ce ba za a faɗa mata komai ba sai da yardarsa, shi kuma in ciwon ya motsa ita yake fara zargi. Yaya kuwa yana zaune a dakalin ƙofar gida, yana bin jam'i, mai shayi ya san shi, in ya yi nisa yaran unguwa su rako shi. Wannan kam ba zan musanya shi da takardar kowace hukuma ba.

Amma a daina yaudarar kai. A 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Jinya kan dangi take faɗawa, a cikin dangin ma kan yarinyar da ba ta yi aure ba. Ranar rabon gado kowa ya san kasonsa har kwabo. Me ya hana a zauna a raba kwanakin jinya haka, maza da mata?

Daren jiya na kira ƙanwata. Na ƙi tambayar Yaya, na ce, "Ke ya kike?" Ta yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can ta ce, "Anti, allurarsa ta wata-wata ranar Talata ce, kuma ta ƙara kuɗi."