Darasin Mars a teburin mai shayi

Jiya bayan Isha'i musu ya kaure a teburin mai shayi, wai da gaske ne Turawa na aika kumbo wata duniya? Ni kuwa da tarin hotunan Mars a waya, sai na gyara zama.

Na fara da fuskar nan da kumbon Viking 1 na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauko a 1976, ga ido ga baki kamar mutum ya kwanta rigingine. Na ce aikin inuwa ne, don da kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin tar a 2001, tsauni aka gani. Har Baban Yara, wanda bai yarda ƙasa na juyawa ba, ya miƙo wuya.

Kai ya ɗau zafi. Na ɗaga wayar tana kallon jama'a, na goga yatsa zuwa hoto na gaba, na ce, "Wannan shi ne Valles Marineris, kwazazzabo mai tsawon kilomita 4,000, zurfinsa a wasu wuraren ya kai kilomita 7. Kumbon Mariner 9 ne ya fara hango shi. Kun ga jan nan? Tsatsar ƙarfe ce a cikin ƙasar!" Ana ta kabbara. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama, ya manta da shiƙar da yake yi.

Sai Birkila ya ce, "Yallaɓai, ara mini." Ya ƙura ido, ya juya wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, a tsanake, don mugunta. "Ai tsagewar bangon ɗakinka ce, wadda ka turo mini da damina. Ga ƙusar da kake rataye hula. Kuma cikon kuɗin simintina na nan."

Benci har girgiza yake. Mai shayi ya ɓarar da madara.

Birkila dai bashi yake bi, ban ga laifinsa ba. Direban nan ne ya ƙona mini rai. Shi ya fi kowa kabbara, har da cewa ya hango alamar kogi, amma yanzu wai tun farko ya gane. Mutumin da cajata ke hannunsa tun ƙaramar salla! Yau da safe ya tsaya ƙofar gidana yana danna hon, wai ko akwai fasinjan Mars.

Cajar ma bai kawo ba.