Sauran Hamsin Ɗin Daga Ina?

Wai ana tambayata ko karatun digiri da daɗi. Da daɗi mana, daga aji ɗaya zuwa uku. Lakca, kwana a aji gab da jarrabawa, da kariyoba guda, wato kwas ɗin da na faɗi na maimaita, da har gobe ban yarda tawa ba ce. Aji huɗu ne ya nuna min iyakata, ranar difens, wato ranar kare firojet a gaban malamai.

Kun san firojet babi biyar ne. Na farko da na biyu ni na rubuta, sufabaiza ya yi musu wanka da jan biro. Na uku da na huɗu, wurin lissafi, na kai wa mutumin nan na layin baya da ba ya rabuwa da laftof. Ba sai na kama suna ba. Shi da bakinsa ya ce manhajar lissafi ta SPSS a tafin hannunsa take.

Malamin da aka gayyato daga wata jami'a bai bari na gama gabatarwa ba. Ya buɗe babi na uku, ya gyara tabarau.

"Da me ka fitar da yawan waɗanda ka raba wa takardun tambaya?"

"Da ƙa'idar Taro Yamane ta 1967, ranka ya daɗe." Wannan kam na haddace ta.

"Madalla. Kuskure nawa ka bari?"

"0.05."

"Ka samu mutum nawa?"

"450."

Sai ya cire tabarau ya shiga gogewa a hankali. Ya gama, ya sake gogewa.

"Ɗana, da 0.05, ko mutanen duniya kaf ka zuba cikin lissafin nan ba zai kai 400 ba. Sauran hamsin ɗin daga ina?"

Ya miƙo min alƙalamin maka, wai in nuna a allo. Na rubuta n, na ja layi biyu a gabanta, na tsaya. Turanci ya gudu ya bar ni. Gumi na bin bayana cikin kwat ɗin aro. Na waiga wajen sufabaiza, mutumin da ya sa hannu a aikin nan, na tarar ya duƙufa yana nazarin fankar silin.

Na ce, "An samu ƙarin masu sha'awa ne, ranka ya daɗe."

"Masu sha'awa," ya maimaita. Kuma wallahi ya rubuta.

Dariyar da aka yi ba ita ta ƙona min rai ba. Na layin baya ne. Duk tambayar da malamin ya jefo, sai in hango shi yana gyaɗa kai, har da "ƙwarai kuwa" ƙasa-ƙasa. Shi fa ya buga 450 ɗin! Muna fitowa ya dafa kafaɗata, wai ai da na tuntuɓe shi tukuna. Daga baya na ji duk wanda ya kai masa aiki 450 ya samu, lambar ce kawai ta kwanta masa. Wadda ta shiga bayana ma haka take da shi, amma ita salon rubuta madogara na APA kawai aka tambaye ta, ta fito tana murmushi.

Shi kuma na layin baya A ya ci. Filas ɗina na kwamfuta ma yana hannunsa, kullum wai gobe.

Ni dai an ba ni C, an ce in gyara kafin a ɗinke. Yanzu ina neman mutum hamsin da zan cire.